Daga Tangaraho zuwa Twitter: Tarihin Gajeren Saƙo da Amfaninsa ga Malamai da Ƙungiyoyi

Shekaru da dama ke nan labarin naɗin minista, ko rasuwar wani babban malami, ko rufe iyakar ƙasa, kan fara bayyana cikin layi biyu ko uku a fuskar salula, tun kafin gidan rediyo ya karanta shi a labarun maraice. Wannan hanya ta shelanta gajeren rubutu a bainar jama'a, wadda kamfanin Twitter ya yi fice da ita, ta sa ƙungiyoyin raya al'adu da na malaman makaranta cikin shawara: shin su ma su buɗe nasu shafi, ko kuwa ɓarnar lokaci ce da ta kuɗi? Wasu na ganin duk ƙungiyar da ba ta can kamar ba ta raye, wasu kuma na ganin wurin kasuwar gulma ce da zage-zage. Kafin a yanke hukunci ya kamata a san asalin abin, domin tarihinsa shi ke bayyana aikin da aka ƙera shi dominsa, da kuma aikin da ya fi ƙarfinsa.

Lokacin da kalma ke da farashi

Taƙaita rubutu ya girmi intanet da fiye da shekara ɗari. Ran 24 ga watan Mayu na 1844, Samuel Morse ya aika saƙo ta wayar tangaraho daga birnin Washinton zuwa Baltimo a ƙasar Amurka, kuma a 1866 aka samu wayar da ta ɗore a ƙarƙashin tekun Atlantika, ta haɗa Turai da Amurka. Da yake da ƙidayar kalmomi ake biyan kuɗin saƙo, sai masu aikawa suka koyi zubar da gaisuwa da duk wata kalmar da ma'ana za ta tsaya ba tare da ita ba. A 1869 ƙasar Ostiriya ta fito da katin gidan waya, wato ƴar takarda maras ambulan wadda ba ta ɗaukar fiye da ƴan layuka. A zamanin mulkin mallaka Faransa da Ingila sun shimfiɗa layukan waya tsakanin garuruwan da suka kafa bariki a Afirka ta Yamma, kuma daga nan ne kalmar tangaraho ta shigo Hausa, gidan da ake aika wasiƙa ya zama gidan waya.

Ga Bahaushe, wanda wasiƙarsa kan fara da sallama da tambayar lafiyar iyali kafin a zo ga buƙata, wannan salo baƙo ne. Amma ya karɓe shi a inda ya dace: sanar da rasuwa, ko haihuwa, ko ranar isowar matafiyi. Babu wanda ya taɓa tunanin ya rubuta tarihin garinsu ko ya raba gardamar gado ta tangaraho.

Haruffa 160

Wajen shekarar 1985, lokacin da ƙasashen Turai ke tsara ƙa'idojin wayar salula da ake kira GSM, wani injiniya Bajamushe, Friedhelm Hillebrand, tare da abokin aikinsa Bafaranshe, Bernard Ghillebaert, suka kawo shawarar a riƙa tura rubutu ta wata ƴar ƙaramar hanya da wayoyi ke amfani da ita wajen sadarwa da turakun kamfani. Hanyar ƙuntatacciya ce, saboda haka dole a sa iyaka. Hillebrand ya zauna gaban keken rubutu yana buga jimloli yana ƙirga haruffansu, ya kuma duba abin da mutane kan rubuta a katin gidan waya, ya ga haruffa 160 sun isa mafi yawan buƙatu. Saƙon farko na wannan tsari, wanda ake kira SMS, an aika shi ran 3 ga Disamba 1992 a Ingila, lokacin da Neil Papworth ya tura wa wani ma'aikacin kamfanin Vodafone gaisuwar Kirsimeti daga kwamfuta.

A cikin wannan lissafi akwai abin da ya shafi Hausa kai tsaye. Kowane saƙo yana da gurbin ƙwayoyin lissafi 1120, kowace ƙwaya sifili ce ko ɗaya. Harafin da ke cikin jerin da injiniyoyin suka zaɓa yana cin ƙwaya 7, shi ya ba da 160. Jerin ya ƙunshi haruffan Ingilishi da wasu na Faransanci kamar é da è da à, amma babu ɓ, ɗ, ƙ da ƴ. Da zarar an sa ɗaya daga cikinsu, sai wayar ta koma wani tsari inda kowane harafi ke cin ƙwaya 16, saƙon ya faɗo zuwa haruffa 70. Ke nan mai rubuta Hausa daidai da ƙa'idar da Nijar ta tabbatar a 1999 yakan biya kuɗin saƙo biyu ko uku a inda mai Faransanci ke biyan ɗaya, in ma wayarsa tana da haruffan. Wannan na daga cikin dalilan da suka sa matasa da yawa suka saba rubuta kasa a wurin ƙasa, da bata a wurin ɓata.

Duk da haka gajeren saƙo ya yi wa karatu hidima a Nijar. A shekarun 2009 da 2010, a ƙauyukan jihohin Damagaram da Doso, an gudanar da shirin yaƙi da jahilci mai suna ABC, inda aka haɗa darussan manya na Hausa da Zabarmanci da koyon amfani da salula. Binciken da Jenny Aker da abokan aikinta suka yi ya nuna cewa waɗanda suka koyi tura saƙo sun fi sauran samun sakamako a rubutu da lissafi. Dalilin a fili yake: wanda ke da abin rubutawa kullum ba ya saurin mance haruffa.

Haihuwar Twitter da yadda yake aiki

SMS magana ce tsakanin mutum biyu. Sabon abin da ya zo a 2006 shi ne fitar da wannan magana zuwa dandali. A birnin San Faransisko akwai wani ƙaramin kamfani mai suna Odeo da ke harkar shirye-shiryen murya ta intanet, wanda kasuwarsa ta durƙushe bayan kamfanin Apple ya shiga wannan fage a 2005. Cikin neman mafita ne Jack Dorsey ya kawo shawarar wani tsari da mutum zai tura SMS guda zuwa lamba ɗaya, ita kuma ta rarraba shi ga dukan abokansa. Tare da Noah Glass, Biz Stone da Evan Williams aka gina shi. Dorsey ya rubuta saƙon farko ran 21 ga Maris 2006, aka buɗe wa jama'a a watan Yuli na shekarar. An tsayar da tsawon rubutu a haruffa 140, aka bar 20 domin sunan mai aikawa, don kome ya shiga cikin 160 ɗin nan na Hillebrand. Ashe iyakar da daga baya aka riƙa yabo a matsayin hikima, gado ce daga ƙuncin wayar salula.

Ginshiƙin tsarin shi ne bi. Kowa na da shafi da suna, kuma duk wanda ya so yana iya zama mabiyinsa ba tare da neman izini ba, ba kuma dole shi ya bi su ba. A shekarun farko, abin da mutum ya rubuta yana bayyana ne ga mabiyansa cikin jeri, sabo a sama, tsoho na gangarawa ƙasa har ya ɓace wa ido. Sauran dabarun masu amfani da dandalin ne suka ƙirƙiro su, kamfanin ya karɓa daga baya. Su suka fara sa alamar @ gaban suna don amsa wa wani. A watan Agusta 2007 Chris Messina ya ba da shawarar sa alamar # gaban kalma don tara duk maganganun da suka shafi batu guda, kuma aka ga amfaninta lokacin gobarar dajin San Diyego a watan Oktoba na shekarar. Haka nan maimaita saƙon wani ga mabiyanka: da hannu ake kwafe shi, sai a watan Nuwamba 2009 aka sa masa maɓalli. Wannan maɓalli shi ya ba gajeren rubutu ƙafa, domin da taɓawa ɗaya magana kan tsallaka daga mutum goma zuwa dubu goma.

Twitter bai kasance shi kaɗai ba. Jaiku ya fito a Finlan a 2006, Pownce da Tumblr a 2007. A ƙasar Sin, bayan hukuma ta toshe Twitter a 2009, kamfanin Sina ya buɗe Weibo a watan Agusta na wannan shekara, ya zama babban dandalin ƙasar ƙarƙashin idon gwamnati.

Shekarun yabo

Abin da ya ɗaga sunan gajeren rubutu shi ne sauri a lokacin tashin hankali. A watan Afrilu 2008 wani ɗalibi Ba'amurke da ƴan sanda suka kama a Masar ya samu ya tura kalma guda da ke nuna an kama shi. Abokansa suka yaɗa, washegari aka sake shi. A watan Nuwamba na shekarar, mazauna Mumbai a Indiya sun riƙa ba da labarin harin da aka kai birninsu tun yana gudana. Ran 15 ga Janairu 2009 jirgin sama ɗauke da mutum 155 ya sauka a kan kogin Hudson, kowa ya tsira, kuma hoton da ya zagaya duniya wani fasinjan jirgin ruwa ne ya ɗauka da salularsa ya sa a Twitter. A watan Yuni 2009, lokacin zanga-zangar bayan zaɓe a Iran, ma'aikatar harkokin wajen Amurka ta roƙi kamfanin ya ɗage wani gyara da zai dakatar da aiki na ɗan lokaci. A 2011 aka ga irin wannan a Tunisiya da Masar, har gwamnatin Masar ta katse intanet na kusan kwana biyar daga 28 ga Janairu.

Akwai kuma misalin da ya fi kusa da rayuwar karkara. Daga 2011, Francis Kariuki, shugaban yankin Lanet Umoja kusa da Nakuru a Kenya, ya riƙa amfani da Twitter wajen sanar da jama'arsa sata, ko ɓatan yaro ko dabba, ko ranar taro. Mutanen yankin, waɗanda da yawansu ba su da intanet, ta SMS suke karɓar saƙonninsa a ƙananan wayoyi. Aikin sanƙira ne sak, sai dai muryar ta fi ta ganga nisa, kuma jama'a sun amsa ne domin sun san mai maganar ido da ido.

Inda saurin ya zama illa

Hausawa na cewa magana zarar bunu ce, kuma babu inda wannan ya fi tabbata kamar a dandalin da ke da maɓallin maimaitawa. Ran 23 ga Afrilu 2013 wasu suka kutsa shafin kamfanin dillancin labarai na AP suka rubuta cewa an kai hari fadar shugaban Amurka. Cikin ƴan mintoci kasuwar hannun jari ta faɗi, kafin a gane ƙarya ce. A watan Agusta 2014, bayan cutar Ebola ta shiga Najeriya, jita-jitar cewa sha da wanka da ruwan gishiri na kare mutum ta bazu ta salula da shafukan intanet cikin dare guda, aka kwantar da mutane a asibiti, wasu suka rasa rayukansu. A 2018 masu bincike uku na jami'ar MIT suka wallafa nazarin labarai kusan 126,000 da aka yaɗa a Twitter, suka gano cewa labarin ƙarya kan kai ga mutum 1,500 da sauri kusan ninki shida fiye da na gaskiya. Ƙarya ta fi gaskiya ban mamaki, kuma abin mamaki shi hannu ke saurin maimaitawa. Ramin ƙarya ƙurarre ne, amma kafin a kai ƙarshensa ɓarna ta riga ta auku.

Ko a inda maganar gaskiya ce, amonta kan zarce ƙarfinta. Bayan sace ɗalibai mata 276 a Cibok, jihar Borno, daren 14 ga Afrilu 2014, kiran a maido da su ya zagaya duniya ƙarƙashin alamar #, har uwargidan shugaban Amurka ta lokacin, Michelle Obama, ta ɗaga takardar kiran a hoto. Kiran ya tilasta wa hukumomi yin magana a kan abin da suka so a yi shiru a kansa, wannan kuwa ba ƙaramin aiki ba ne. Amma waɗanda aka sako a rukuni a 2016 da 2017 ta hanyar tattaunawa aka sako su, kuma bayan shekara goma akwai da dama da ba su dawo ba. Waɗanda suka riƙe maganar tsawon shekaru su ne iyaye da ƴan ƙungiyar da suka riƙa zaman dirshan a Abuja, lokacin da hankalin duniya ya daɗe da komawa wani wuri.

Gidan aro

Darasi na uku ya shafi mallaka. Mai shafi a irin wannan dandali baƙo ne a gidan wani, kuma mai gida na sauya doka yadda ya so. A 2016 Twitter ya fara barin jeri na sabo a sama, ya koma wani lissafi na kwamfuta da ke zaɓar wa mutum abin da zai fara gani, wanda sau da yawa shi ne abin da ya fi tada ƙura. A Nuwamba 2017 aka ninka haruffa zuwa 280. A Afrilu 2020 aka rufe hanyar SMS a mafi yawan ƙasashe, wato ƙofar da masu ƙaramar waya ke shiga ta cikinta. Ran 27 ga Oktoba 2022 Elon Musk ya saye kamfanin a kan dala biliyan 44. Cikin ƴan kwanaki aka sallami kusan dukan ma'aikatan ofishinsa na Afirka da ke Akkara a Gana, shuɗiyar alamar da a da ke tabbatar da ko wane ne mai shafi ta zama abin saye, kuma a Yuli 2023 sunan Twitter kansa ya koma X. Wasu suka yi ƙaura zuwa Mastodon, ko Threads, ko Bluesky, suka tarar sai sun sake tara mabiya daga farko. Wasu gidajen ma rushewa suka yi: Pownce a 2008, Google+ a 2019. Hatta babban ɗakin karatu na majalisar dokokin Amurka, wanda a 2010 ya ɗauki alkawarin adana duk abin da aka rubuta a fili a Twitter, ya sanar a ƙarshen 2017 cewa daga nan sai abin da ya zaɓa kawai zai ajiye.

Bayan mai gida akwai hukuma. Cadi ta toshe shafukan sada zumunta daga Maris 2018 zuwa Yuli 2019. A Nijar an katse intanet na salula na kusan kwana goma bayan zagaye na biyu na zaɓen shugaban ƙasa a Fabrairu 2021. Najeriya ta dakatar da Twitter daga Yuni 2021 zuwa Janairu 2022, bayan kamfanin ya goge wani saƙo na Shugaba Muhammadu Buhari. Haka kuma dokar Nijar ta 2019 a kan laifuffukan intanet ta tanadi hukunci a kan ɓata suna da zagi. An cire ɗauri daga wannan hukunci a 2022, aka maido da shi a Yuni 2024. Duk wanda zai rubuta da sunan ƙungiya wajibi ne ya san cewa layi biyu da aka rubuta cikin fushi shaida ce a gaban alƙali.

Abin da tarihin ke nunawa

Daga Morse zuwa yau, gajeren saƙo ya yi nasara a aiki iri guda: sanarwa, faɗakarwa, da nuna wa mutum inda cikakken bayani yake. Ƙungiyar da ke shirya wasan kwaikwayo a gidan matasa da al'adu na Maraɗi, ko gasar rubutun waƙa a Tawa, ko baje kolin littattafai a Yamai, za ta amfana da shafi da ke faɗin rana da wuri da sakamako, ya kuma sada ta da marubutan Kano da Katsina da ɗaliban da ke karatu a waje, waɗanda takardar bango ba ta kai musu. Malami zai iya bin shafukan masana fanninsa, ya kuma mai da taƙaitawa darasi: ɗalibin da aka ce ya faɗi jigon labari cikin haruffa 280 dole ya fahimci labarin tukuna. Akwai kuma ribar harshe. Dandalin na yanzu yana ƙirga ɓ da ɗ da ƙ da ƴ a matsayin harafi ɗaya ɗaya kamar sauran, kuma wayoyin zamani na karɓar allon rubutun Hausa, saboda haka uzurin da SMS ya bayar ya ƙare. Shafin ƙungiyar malamai da ke rubuta Hausa bisa ƙa'ida kullum makaranta ce ga duk mai karanta shi.

Amma sai an auna masu sauraro. A Nijar masu amfani da X tsiraru ne, galibinsu ƴan jarida da ƴan siyasa da ma'aikata a manyan birane, kuma Faransanci ya fi yawa a bakinsu. Mutanen gari sun fi yawa a WhatsApp da Facebook, kuma tun da WhatsApp ya kawo saƙon murya a 2013, wanda bai yi karatun boko ba ya samu hanyar da ba ta buƙatar harafi. A karkara kuwa rediyo ne har yanzu ke kai magana kowane gida. Ƙungiyar da ke neman kunnen ƴan jarida da hukumomi tana da dalilin shiga X. Wadda ke neman iyayen yara a ƙauye za ta fi samun su ta murya.

Abin da bai kamata a ɗora wa gajeren rubutu ba shi ne ajiya da muhawara. Kirarin da aka naɗo daga bakin tsohon maroƙi, ko jerin sarakunan gari, ko rahoton taron shekara, wurinsu littafi ne da mujalla da ma'ajiyar ƙungiya, a kwafi fiye da ɗaya. Shafin intanet sai dai ya yi nuni zuwa gare su. Kayan aro ba ya rufe katara, kuma ƙungiyar da ta zuba aikin shekara goma a gidan da ba nata ba tana iya wayar gari ta tarar an kulle ƙofa. Saɓanin ra'ayi a kan ƙa'idar rubutu ko asalin wata al'ada shi ma ya fi kyau a zauren taro, inda mai magana ke da lokacin kawo hujja, abokin gardama kuma ke da fuskar da ake jin nauyinta.

Saboda haka ƙungiyar da ta yanke shawarar buɗe shafi tana buƙatar ta tsai da abubuwa kaɗan tun farko: shafin ya kasance da sunanta, mutum biyu aƙalla su riƙe kalmar sirrin shiga, a naɗa wanda zai duba kowane rubutu kafin ya fita, kar a maimaita labarin da ba a san tushensa ba, kuma a ajiye kwafin duk abin da ke da daraja a wajen dandalin. Wadda ba ta da mutumin da zai ɗauki wannan nauyi mako bayan mako, gara ta tsaya ga rediyon garinsu da allon sanarwa har ranar da ta same shi.